Daga Littafin Bashi Zuwa Kwamfuta: Tarihin Yadda 'Yan Kasuwa Ke Farfaɗowa Bayan Bala'i

A daren Juma'a wayewar garin Asabar, 26 ga Maris 2016, gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari da ke Kano, wadda a hukumance ake kira kasuwar Muhammad Abubakar Rimi. Kafin a ci ƙarfin wutar, hukumomi sun ce shaguna kusan 3,800 sun ƙone. Wannan kuwa ya zo ne 'yan makonni bayan wata gobarar da aka yi a kasuwar Singa a watan Fabrairu na shekarar.

Idan irin haka ta faru, abin da ido ke gani shi ake ƙidayawa: katon nawa na kaya ya ƙone, rumfa nawa ta rushe, kuɗi nawa aka bari a aljihun tebur. Amma akwai asarar da ba ta cika shiga rahoton kwamiti ba. Duk wanda ya san kasuwa ya san littafin bashi a shago yake kwana. A cikinsa ne aka rubuta wa ya ɗauki kaya, na nawa, yaushe zai biya, kuma wane dila ne ke bin mai shagon. Kaya in sun ƙone ana iya samun mai ba da wasu bashi a sake tayar da shago. In littafi ya ƙone fa? Sai dai a dogara da tsoron Allah na waɗanda ake bi.

A yau littafin nan ya koma cikin waya da kwamfuta, har a garuruwa irin su Rurum, Rano da Kibiya. Masana kwamfuta suna da wani fanni sukutum da ke nazarin yadda kasuwanci zai dawo aiki bayan na'urorinsa sun lalace. A wannan maƙala za mu bi tarihin fannin ne, mu ga inda ya samo asali, da manyan asarorin da suka koya wa duniya hankali, da kuma abin da ƙaramin mai shago zai ɗauka daga ciki.

Kafin zuwan kwamfuta

Matsalar dai ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Fataken goro na ƙasar Kano, irin su Agalawa, sukan yi watanni a hanya tsakanin gida da Gwanja. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji maƙwabciyar Rano a 1877, a cikin wannan fatauci ya taso. Ciniki mai nisa irin wannan ba ya yiwuwa sai da bashi, bashi kuwa ba ya yiwuwa sai an tabbatar ba zai ɓace ba idan mutum ɗaya ya rasu a hanya ko takarda ɗaya ta jiƙe a kogi.

Dabarar da suka bi ita ce kada labarin bashi ya zauna a wuri ɗaya. Mai kaya ya sani, mai saye ya sani, dillali ya sani, mai gidan da aka sauka a wurinsa ma ya sani. Wani masanin halayyar al'umma, Abner Cohen, ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana yadda Hausawa ke sayar wa mahauta shanu bashi, mai gida na tsaye a matsayin mai lamuni. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai amsa. Saboda haka dole ya riƙe labarin kowane ciniki da aka ƙulla a ƙarƙashinsa. Ga kuma koyarwar addini da ta ƙarfafa al'adar: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta yi magana.

Manoma ma suna da tasu hikimar. Rumbu ba a ɗora shi a ƙasa kai tsaye, sai an sa duwatsu an ɗaga shi saboda danshi da gara. Sannan manomin kirki ba ya haɗa iri da hatsin ci. Yakan ware zangarniya mafi kyau ya adana daban, domin in abinci ya ƙare ana iya saye ko a ranta, amma in iri ya salwanta, damina mai zuwa ce ta shiga haɗari. To a kasuwanci, kaya su ne hatsin ci, bayanai kuma su ne iri. Mai karatu ya riƙe wannan misali, don duk abin da zai biyo baya a kansa yake tafiya.

Lokacin da littafi ya koma na'ura

A shekarun 1950 ne manyan kamfanoni da bankunan Amurka suka fara mayar da lissafinsu cikin kwamfuta. Kamfanin IBM ya fito da na'urar adana bayanai a kan zare mai maganaɗisu, mai kama da zaren kaset, a 1952. A 1956 kuma ya fito da faifan ajiya na farko, wanda girmansa ya kai na manyan firji biyu amma bai wuce ɗaukar haruffa miliyan biyar ba. Hoto ɗaya ko biyu na wayar yau sun isa su cika shi.

Nan da nan aka gane cewa an samu sauƙi, an kuma jawo sabon haɗari. Lissafin da a da yake warwatse a ɗaruruwan littattafai yanzu ya taru a ɗaki ɗaya. Wuta ɗaya ta ishe shi. Don haka aka fara al'adar kwafe bayanai a kan zaren nan kowane dare, a ɗauke su a mota zuwa wani gini daban. Wannan kwafi shi za mu riƙa kira ajiyar ko-ta-kwana.

Sai dai bankuna sun lura cewa kwafi kaɗai bai isa ba. In ɗakin kwamfutarka ya ƙone, zaren yana hannunka amma ba na'urar da za ta karanta shi, ai har yanzu a rufe kake. A 1978 aka buɗe wata cibiya a birnin Filadelfiya mai suna SunGard, inda kamfanoni ke biyan kuɗi duk wata don a tanadar musu kwamfutocin da za su koma kansu ranar da nasu suka lalace. Daga nan farfaɗowa bayan bala'i ta zama sana'a mai zaman kanta.

Babban gwajin fannin ya zo ranar 11 ga Satumba 2001. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Cantor Fitzgerald yana hawa na 101 zuwa na 105 a ɗaya daga cikin tagwayen benayen da aka kai wa hari a New York. Ma'aikatansa 658 suka rasu a ranar. Duk da haka cikin kwana biyu na'urorin cinikinsa sun dawo aiki, saboda yana da kwafin bayanansa a wata cibiya a jihar New Jersey, yana kuma da ofis a Landan. Amma sun ci karo da abin da ba su yi tanadinsa ba: kalmomin sirri da yawa suna kawunan waɗanda suka rasu ne. Sai da aka riƙa kiran iyalai, suna tsakiyar makoki, ana tambayar su ranakun haihuwa da sunayen 'ya'ya don a yi hasashen kalmomin. Ka ga ke nan, ɗan Adam ma ma'ajiya ce da ke iya salwanta.

Asarori uku da suka zama darasi

Na farko ya faru a 1998 a kamfanin Pixar mai shirya fina-finan zane a Amurka. Suna tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 sai aka ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Hankalinsu bai tashi sosai ba da farko, tunda suna da ajiyar ko-ta-kwana. Da aka ɗauko ta sai aka tarar ta daɗe ba ta kwafar aikin yadda ya kamata, ba wanda ya sani, don ba a gwada ta. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu ba da daɗewa ba tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. A nannaɗe cikin barguna aka ɗauko kwamfutar a mota zuwa ofis. Darasin a nan: kwafin da ba a taɓa buɗe shi an duba ba, zato ne kawai.

Na biyu ya shafe mu kusa. Ranar 27 ga Yuni 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta ɓulla daga Yukiren, ta hanyar wata manhajar lissafin haraji, ta bazu cikin kamfanonin duniya. Cikin waɗanda ta durƙusar har da Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwan ɗaukar kwantena na ƙasar Denmak. Kamfanin yana da wasu kwamfutoci kimanin 150 da ke riƙe da rajistar wane ma'aikaci ne ke da izinin shiga ina, kamar masu gadin ƙofa. Kowacce kwafin 'yar'uwarta ce, don haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa gaba ɗaya ba. Amma da yake duk a haɗe suke, cutar ta bi ta goge su a lokaci guda.

Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Gana. Dalili? An ɗauke wuta kafin cutar ta iso, kwamfutar ta yanke daga sauran. Da yake ma'aikatan Gana ba su da bizar shiga Ingila, sai ɗayansu ya tashi zuwa Nijeriya da faifan, ya miƙa wa wani abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sun sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Darasin: dole kwafi ɗaya ya kasance a yanke yake, ba a jone da komai ba. Su Maersk sa'a ce ta ba su wannan, ba tsari ba.

Na uku na masu cewa "ai na sa a intanet, shi ke nan" ne. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Miliyoyin shafukan intanet suka tsaya. Wasu abokan hulɗar kamfanin sun tarar cewa ainihin bayanansu da kwafinsu duk a harabar nan ɗaya suke, wuta ta haɗa ta cinye. Abin da muke kira ajiyar intanet kwamfutar wani ce a wani gini, kuma gini yana iya ƙonewa kamar rumfar Sabon Gari.

Irin waɗannan darussa ne aka dunƙule a wata ƙa'ida mai sauƙi da wani mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya shahara da yaɗa ta, wadda ake kira 3-2-1: ka mallaki kwafi uku na bayananka, a kan nau'in ma'ajiya biyu daban-daban, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri nesa da shago.

Irin namu bala'in

Yanzu mu dawo gida. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta 2001. Tsarin rage amfani da takardar kuɗi na Babban Bankin Nijeriya ya fara a Legas a 2012, ya iso Kano a Yuli 2013. Amma abin da ya tura mutanen karkara cikin harkar da ƙarfin tsiya shi ne ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai kayan miya ma suka koma karɓar tiransifa. Tun daga nan, shaidar biyan kuɗi ta koma saƙon waya, littafin bashi kuma a wurin mutane da yawa ya koma hirar WhatsApp.

To me ke iya raba mai shago da waɗannan bayanai a yankinmu? Akwai ruwa. Mutanen kudancin Kano ba sa buƙatar a ba su labarinsa. Rurum na kusa da dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma dattawan yankin suna tuna watan Agusta 1988 lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan mamakon ruwa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A birni ma, ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a damunar 2022. A Satumba 2024 kuma ɓallewar dam ɗin Alau ta nutsar da sassa da dama na Maiduguri har da kasuwanni.

Akwai kuma bala'in da ba ya taɓa shagonka ko kaɗan amma ya hana ka ciniki. A Satumba 2021 an katse layukan waya a duk jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka daina aiki. A ƙarshen Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako ba wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A irin waɗannan ranaku, wanda duk bayanansa ke intanet kaɗai shi ma a rufe yake.

Ban da waɗannan, ga na yau da kullum waɗanda su suka fi yawa: satar waya, tsawar damina da ke bi ta waya ta ƙona na'ura, wutar da ke dawowa da ƙarfi, ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, da filashin kwastoma mai ɗauke da cuta.

Abin da mai shago a Rurum zai ɗauka

Mu ɗauki mai sayar da taki da maganin feshi, wanda ke bai wa manoman rani kaya bashi sai an girbe. Ko mai kemis, ko mai POS, ko mai shagon kwamfuta da ke buga takardu yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Ba su da kuɗin hayar cibiya irin ta SunGard, kuma ba sa buƙata. Tambayoyi biyu da manyan bankuna ke yi wa kansu su ne dai za su yi.

Ta farko: cinikin kwana nawa zan iya jure rasa lissafinsa? In amsar ita ce kwana ɗaya, to kullum za a riƙa yin kwafi. In mako ne, to a tsayar da rana, a ce duk Juma'a. Ta biyu: kwana nawa zan iya yi shago a tsaye kafin kwastomomi su koma wani wuri? Amsar ita za ta nuna ko ana buƙatar tsohuwar waya a ajiye a gida, ko layin wani kamfanin na biyu, ko ƙaramar sola.

Ga yadda 3-2-1 ke kasancewa a ƙaramin shago. Kwafi na farko shi ne wanda ake aiki da shi, littafi ne ko kwamfuta. Na biyu, a ɗauki hoton shafukan littafin da waya, ko a kwafe fayilolin a filashi, kuma filashin ya kwana a gida, ba a aljihun teburin shago ba, ba kuma a maƙale jikin kwamfuta ba. A tuna da kwamfutar Gana. Na uku, a tura zuwa ajiyar intanet. Asusun Google na kyauta yana ba da gigabait 15, wanda ya ishi lissafin ƙaramin shago na shekaru. A kunna ajiyar WhatsApp, a kuma riƙa leƙawa a ga ranar da ta yi kwafi na ƙarshe. Wanda komai nasa ke waya kuwa, ya riƙa rubuta jerin manyan basussuka a takarda duk ƙarshen wata, don ranar da ba sabis ba caji.

Sannan a kula da abu uku da aka fi mantawa. Na ɗaya, layin waya shi ne mabuɗin komai yanzu, domin ta nan lambobin tabbatarwa na banki da na imel ke shigowa. A tabbatar an yi rajistarsa da sunan mai shago da lambar NIN ɗinsa, ba na yaron shago ko na wani ɗan'uwa da ya yi tafiya ba, in ba haka ba dawo da shi bayan sata zai zama aiki. Na biyu, kalmomin sirri kada su zauna a kai ɗaya. A rubuta su a takarda, a rufe a ambulan, a bai wa amintacce ko a kulle a gida, yadda in ta Allah ta kasance magada ba za su rasa hanyar sanin abin da ake bin mamaci da abin da yake bi ba. Na uku, gwaji. Sau ɗaya a wata biyu ko uku, a ɗauki filashin a buɗe shi a wata kwamfutar, a nemo lissafin wani kwastoma a ga ko yana nan. In ba a same shi ba, gara a gano yau da ake da damar gyarawa.

Duk wannan bai wuce kuɗin filashi ɗaya da 'yar data da minti goma a mako ba. Wahalarsa kawai ita ce ana yin sa ne a ranar da komai ke tafiya lafiya, ranar da mutum ke ganin ba ya buƙata. Hausawa kuwa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.